Lakwaja: garin da kowa ke cewa na kakansa ne

Yawancin 'yan Arewa ta tagar mota suka san Lakwaja. An tsallake gadar Murtala a Jamata, an tsaya an ci soyayyen kifi, an yi salla, direba ya matsa oda, an nausa kudu. Dattawan da suka ji labarin zuwan Turawa daga bakin iyayensu kuwa, da wata fuska suka san ta: can ne ake kai sarkin da aka tuɓe wa rawani. Amma garin da ke kwance tsakanin dutsen Patti da mahaɗar kogin Kwara da na Binuwai ya wuce wurin yada zango, kuma duk mai son gane dalilin da ya sa rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Najeriya, da wuya ya sami wurin karatu kamarsa.

Tara mutum biyar a Lakwaja ka tambaye su garin na wa ne, za ka tashi da amsa biyar. Mutumin Oworo zai ce ƙasar kakanninsa ce, kowa a kanta ya sauka. Banufe zai ce ai Etsu Masaba na Bida ne ya ba da izinin kafa garin, kuma har gobe Nufanci ke tashi a tsofaffin unguwanni. Ɗan Igala zai tuna maka cewa takardar farko da Turawa suka riƙe ta mallakar fili a wurin, da Attah na Idah aka ƙulla ta. Bahaushe zai nuna maka kasuwa da masallaci da sarautar Maigari. Ɗan Kakanda kuma ya yi murmushi ya ce, to duk ku ɗin nan, a jirgin wa kuka iso? Abin da ke rikita lamarin shi ne babu maƙaryaci a cikinsu. Tambayar ce ta cure abubuwa uku wuri guda: mai ƙasa, da wanda ya kafa gari, da wanda ke da iko a lokacin da aka kafa shi. A Kano ko Katsina shekaru aru-aru sun narkar da ukun nan sun zama ɗaya. A Lakwaja, wadda ba ta cika shekara 170 ba, har yanzu kowanne a hannun mutane dabam yake.

Ko sunan ma ana ja-in-ja a kansa. Hausawa na cewa daga "loko ja" ne, wato jan loko, kuma loko a bakin fatake wurin da ayari ke ɗan shan iska ne kafin a ci gaba. Nufawa na danganta shi da "Patti Lukongi", dutsen kurciyoyi, kuma kalmar patti kanta dutse take nufi da yarensu. Masu jin Yarbanci, har da Oworo, su ma suna da tasu fassarar. Ni dai ban ɗauki waɗannan bayanai a matsayin hujjar tarihi ba. Takardun neman gado ne, kowa ya rubuta tasa da harshensa.

Kafin a kafa garin, mahaɗar ba kango ba ce, sai dai harkar ba a inda Lakwaja take yanzu ake yin ta ba. Babbar kasuwar wurin Gbebe ce, a tsallaken ruwa ta gabas. Daga kudu Attah na Igala ke zaune a Idah, yana ɗaukar mahaɗar a matsayin ƙarshen ƙasarsa. Ta arewa maso gabas akwai masarautun Egbura biyu, Panda da Koton Ƙarfe. Ta yamma, a kan tudu da bayansa, Oworo ne, waɗanda reshe ne na Yarbawan Okun, cibiyarsu Agbaja. Ruwan kuma na Kakanda ne, mutanen Budon, masu manyan jiragen da ke dako tsakanin kasuwannin Nufe da na Igala. Kanwa da dawaki da tufafin saƙi suna gangarowa daga arewa, gishiri da bindiga da albarushi suna haurowa daga bakin teku, bayi kuma suna bin kowace hanya.

Abin da ya hargitsa wannan tsari shi ne guguwar da ta biyo bayan jihadi. Zuriyar Malam Dendo ta karɓe ƙasar Nufe, da farko daga Raba, daga baya daga Bida, a ƙarƙashin tutar Gwandu, sai rundunoninsu suka riƙa gangarowa kudu neman bayi da haraji. Ta ɓangaren Binuwai kuma mayaƙan Nasarawa suka rusa Panda a farkon shekarun 1850. Bassa Nge, waɗanda asalinsu daga ƙasar Nufe ne kuma suka zauna a kewayen mahaɗar, da yawansu suka tsallake ruwa zuwa gabas don su tsira. Oworo suka maƙale a kan tuddai, daga baya suka shiga biyan haraji ga Bida. Saboda haka Baturen da ya zo neman wurin zama ya tarar da gindin dutsen Patti ba cunkoso. Filin yana da masu shi, tsoro ne ya kore su daga bakin ruwa. Wannan bambanci shi ne tushen ƙorafin Oworo har yau.

Turawan ma ba da sauƙi suka samu gindin zama ba. Richard Lander da ƙanensa John sun wuce ta mahaɗar a kwalekwale a 1830, suka tabbatar wa Ingila cewa Kwara a teku take ƙarewa. A 1832 ɗan kasuwa Macgregor Laird ya shigo da jirage masu hayaƙi biyu, ɗaya ma sunan Hausa aka raɗa masa, Albarka. Albarkar ba ta bi su ba: cikin Turawa 48, tara kaɗai suka tsira daga zazzaɓi. A 1841 gwamnatin Ingila da kanta ta aiko da jirage uku, da nufin kashe cinikin bayi ta hanyar noma da halattaccen ciniki da wa'azin Kirista. Su ne suka sauka Idah suka yi yarjejeniya da Attah, aka yanka musu fili a mahaɗar a kan wuri 700,000, suka buɗe gonar gwaji ta auduga. Zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40 cikin 'yan watanni, gonar ta watse a shekara mai bi. A cikin wannan tafiya akwai mutum biyu da za su sake fitowa a labarin: Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe da aka 'yanto daga jirgin bayi, da Fasto Schön, Bajamushen da ya shafe rayuwarsa yana nazarin Hausa.

Maganin kwinin ne ya buɗe ƙofar. A 1854 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan, William Balfour Baikie, ya jagoranci jirgin Pleiad ya haura Binuwai, yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ya komo a 1857 da jirgin Dayspring, jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Maimakon ya koma gida, Baikie ya zauna, daga bisani ya gangaro ya kafa sansani a gindin Patti wajen 1860. Daga nan ake ƙirga shekarun Lakwaja ta yau.

Baikie mutum ne mai ban mamaki. Shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malamin makaranta, shi ne mai kula da kasuwa, yana sa riga da wando irin na ƙasar, yana jin Hausa har ya fassara wasu sassan Baibul da ita. A 1862 ya hau doki ya bi ta Bida da Zariya har Kano. Amma duk wannan ba zai yiwu ba da Masaba bai yarda ba. A lokacin da Baikie ya zo, takardar Attah ta 1841 ta zama tsumma, domin ƙarfi ya koma Bida. Masaba, wanda ya hau gadon Etsu a 1859, ya ga amfanin a ce Turawa suna da rumfa a ƙasarsa, don ta nan bindiga da albarushi za su riƙa zuwa masa kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun dillalan kudu ba. Ya ba da izini, ya ba da kariya. Littattafan makaranta kan ce Lakwaja ce mazaunin Ingila na farko a cikin ƙasar Najeriya, nesa da teku. A idon Bida kuwa, zangon baƙi ne kamar kowane zango: an ba fatake wuri, an naɗa musu mai unguwa, suna kawo gaisuwa. Kowane ɓangare ya ɗauka shi ne maigida, kuma shekara talatin da wani abu aka yi a haka ba a fasa kwai ba, saboda kowa na cin riba.

To su wane ne suka fara zama? Rukunin farko bayi ne da Baikie da 'yan mishan suka fansa a kasuwa suka 'yanta, mutanen da aka kamo daga ƙabilu barkatai, waɗanda hanyar gida ta ɓace musu. Na biyu mutanen Saliyo ne, 'ya'ya da jikokin bayin da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku aka sauke a Firitawun. Da yawansu asalinsu Yarbawa ne ko Nufawa ko Hausawa, sun dawo da Turanci da Kiristanci da sana'ar kafinta da akawu da tafinta. Na uku fatake ne, Nufawa da Hausawa da Barebari da Yarbawan Ilori, waɗanda suka ji an buɗe kasuwar da ake sayen hauren giwa da man kaɗanya. Na huɗu 'yan gudun hijira. Lokacin da yaƙin gadon sarauta ya ci Gbebe a tsakiyar shekarun 1860, jama'arta suka tsallako, kasuwarta ma ta biyo su. Crowther, wanda aka naɗa bishop a 1864, ya mayar da ƙarfin aikinsa Lakwaja, kuma makarantar Holy Trinity da ya kafa a 1865 ita ake kira firamare ta farko a Arewa.

A lura da wani abu a nan. Cikin rukunan nan huɗu babu wanda ya zo a matsayin ƙabila da sarkinta da tutarta. Ɗaiɗaiku suka zo, kowa da ƙullin kayansa. Wanda aka fanso yana yaro, bai san sunan ƙauyensu ba, ya tashi a gidan Banufe, ya zama Banufe. Wanda ya musulunta a hannun malamin zango, ya auri 'yar fatake, jikokinsa Hausawa ne. Saboda haka idan an ce Nufawan Lakwaja ko Hausawan Lakwaja, sau da yawa ana maganar harshe ne da addini da unguwar da aka tashi, jini kuwa gauraye yake. Wannan ba aibi ba ne, haka Hausa ta yaɗu a ko'ina, daga Kumasi har Kartum. Sai dai a Lakwaja abin ya faru kwanan nan, a gaban masu rubutu, shi ya sa ɗinkin bai ɓace ba.

Sarautar garin ta farko ita ma shaida ce. Baikie ya bar Lakwaja a 1864 ya rasu a Saliyo kan hanyarsa ta gida. Ingila ta ɗan riƙe ƙaramin ofishin jakadanci, ta rufe shi a 1869, ta bar mutanen a hannun Masaba. Wanda Masaba ya ɗora a kan garin Jacob Meheux ne, Kirista mutumin Saliyo. Sarkin musulmi mai biyayya ga Gwandu ya naɗa Kirista mai jin Turanci ya riƙe masa gari, domin abin da yake bukata shi ne mai iya magana da jiragen 'yan kasuwa. Bayansa, a 1896, kamfanin Turawa ya ɗora Abega, kuma labarin Abega ya isa littafi. Bamargi ne da aka bautar yana yaro, wani Bajamushe ya 'yanta shi a Kukawa tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu daga ƙasar Damagaram. Su biyun suka yi wa Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi mai bincike wanda aka sani da Abdulkarim, hidima har Tumbutu, ya tafi da su Ingila a 1855. Dorugu ya zauna da Schön yana ba shi labarai da Hausa, ya ƙare rayuwarsa a Kano. Abega ya dawo bakin Kwara ya yi tafinta, ya ƙare da rawani a Lakwaja. Yau sarautar Maigari tana gidan Maikarfi, Oworo kuma suna da nasu sarkin, Olu, kuma zancen wane ne ke gaba a cikin garin bai taɓa kwanciya ba.

Zaman mutunci da Bida ya ƙare ne da ƙarfin kamfani. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke kogin a 1879, ya samo musu takardar izinin mulki a 1886 da sunan Royal Niger Company, Lakwaja ta zama barikin sojojinsa. Wannan ya kawo sabon rukuni: sojan haya, galibinsu masu jin Hausa da Yarbawa, da matansu da masu yi musu dako. Turawa kan kira duk sojan da ke jin Hausa Bahaushe, ko da daga ina ya fito, kuma an fara wannan tun rundunar da John Glover, abokin tafiyar Baikie a jirgin Dayspring, ya kafa a Legas a 1863. A watan Janairu na 1897 Goldie ya tashi daga Lakwaja da soja kusan 500 da bindigogi masu ruwa, ya ci Bida, a wata mai bi ya ci Ilori. Zangon da Masaba ya ba da aro shi ya zama sansanin da aka taso daga cikinsa aka rusa gidansa. Bayan yaƙin kamfanin ya shelanta cewa doka ba ta san bauta ba a yankinsa, sai bayi suka riƙa gudowa Lakwaja. Har yanzu akwai wasu ƙarafa biyu a tsaye a garin da ake cewa duk bawan da ya taɓa su ya zama ɗa.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya karɓi ragamar Arewa. Masu kai baƙi yawon buɗe ido kan dutsen Patti suna son cewa a nan Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogi sunan Najeriya ya faɗo mata. Labari ne mai daɗi, sai dai sunan ya fito ne a maƙalarta a jaridar The Times ta Landan ranar 8 ga Janairu 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga ta tako ƙasar. Darajar hedikwata ma ba ta daɗe ba: aka koma Jebba, aka koma Zungeru a 1902, aka ƙare a Kaduna a 1917.

Abin da Turawa suka bar wa Lakwaja shi ne aikin kurkukun sarakuna. Dalilinsu a fili yake. Gari ne mai bariki, nesa da ƙasar Hausa, zafi da sauro, kuma babu wata tsohuwar masarauta da za ta tausaya wa baƙon har ta tara masa jama'a. Can aka kai Etsu Abubakar na Bida. Can aka kai Sarkin Zazzau Kwasau. Sarkin Kano Alu, wanda ya bar birni kafin Turawa su ci shi a 1903, an fara kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, shi ma can ya cika a 1924 bayan an tuɓe shi. Ba su tafi su kaɗai ba. Sarki ko an tuɓe shi yana tafe da mata da 'ya'ya da barori da malamai, kuma ba duka suka koma gida ba bayan rasuwarsa. Kaburburan wasu daga cikinsu suna unguwar Kabawa. Adadin waɗannan mutane bai kai na fatake ko sojoji ba, amma sun ƙara wa Hausawan garin wani nauyi na ilimi da asali wanda zango kaɗai ba ya bayarwa.

Daga nan garin ya yi barci. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gadar Jebba ta haɗe layin Legas a 1916, gyaɗa da auduga da fatu suka bar ruwa suka hau dogo, kuma dogon bai bi ta Lakwaja ba. Ta zauna a matsayin hedikwatar lardin Kabba, garin akawu da masunta da ma'aikatan jiragen ruwa, aka sa ta a jihar Kwara a 1967.

Farkawar ta zo ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Babangida ta yanko wani yanki na Kwara da wani na Binuwai ta haɗa jihar Kogi. Sunan jihar kalmar Hausa ce, a jihar da manyan ƙabilunta uku, Igala da Ibira da Okun, babu mai Hausa a matsayin harshen uwa. Lakwaja ta dace da zama hedikwata saboda ba cibiyar ɗaya daga cikin ukun ba ce: ba Idah ba ce, ba Okene ba, ba Kabba ba. Sai ga ambaliyar ma'aikata daga Ilori da Makurɗi, ga 'yan kasuwa Ibo, ga masu neman aiki a kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da masana'antar siminti ta Obajana, ga ɗaliban jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Unguwanni irin su Lokongoma da Felele da Ganaja suka cika, har garin ya tsallake iyakar ƙaramar hukumarsa ya shiga maƙwabta. Waɗanda kakanninsu suka zo zamanin Baikie, da Oworo da suka riga su, suka wayi gari ana yi musu kallon tsiraru a jihar da hedikwatarta ke kan ƙasarsu.

A nan tsarin mulkin Najeriya ya shigo da tasa matsalar. Gurbin karatu, ɗaukar aikin gwamnati, shiga soja ko ɗan sanda, duk suna neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, kuma takardar ba ta tambayar inda aka haife ka, tana tambayar inda kakanka ya fito. A garin da kakannin rabin tsofaffin gidaje bayi ne da aka fansa, ko sojan kamfani, ko baran sarkin da aka kora, wannan tambaya ba ta da amsa mai tsabta. Dole a zaɓi shekarar da za a ja layi. Idan 1800 ce, Oworo da mutanen ruwa ne kaɗai suka rage. Idan 1900 ce, Nufawa da Hausawa da jikokin mutanen Saliyo sun shiga. Idan 1991 ce, kusan kowa ya shiga. Duk wanda ka ji yana kawo tarihin Lakwaja da zafi, saurara da kyau, za ka ji shekarar da yake so a ja layin.

Alƙaluma ma ba za su raba gardamar ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Lakwaja mutum kusan 195,000, adadin da ya haɗa da ƙauyukan Oworo da Kakanda da Kupa da Eggan, ya kuma bar unguwannin da suka faɗa cikin wasu ƙananan hukumomi. Ƙidayar ba ta tambayi ƙabila ba, ba ta tambayi addini ba, da gangan aka cire su don gudun fitina, kuma tun daga lokacin ba a sake yin wata ba.